Wa Ya Ba Kura Ajiyar Nama a Sudan?

'Yan'uwa, akwai danginmu a ƙasar Sudan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 Hausawa da Fulani suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa gari kusa da Sennar a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu da na alhazan ƙafa su ne suka yi ta noman auduga a Jazira. Abin da ya same su ya isa a yi magana.

A Afrilun 2019 talakawa suka sa aka tuɓe Umar al-Bashir. Ran 3 ga Yuni masu bindiga suka karkashe masu zaman dirshan a Khartum. Tarayyar Afirka da Habasha suka shiga tsakani, amma sulhun da aka ƙulla a Agusta ya ba soja shugabancin majalisar mulki tukuna, farar hula su jira. Da lokacin miƙa mulki ya matso, sai Janar Burhan ya yi juyin mulki ran 25 ga Oktoba 2021.

Masu kare manyan ƙasashe sukan ce, ai Amurka ta tsai da taimakon dala miliyan 700, Bankin Duniya ma ya rufe hannu. Gaskiya ne. Amma wa yunwa ta kama? Janar mai zinariya da abokai a ƙetare bai rasa tuwo ba. A Yuli da Oktoba 2022 aka yi ta kashe-kashe tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusayris da Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, gwamnatin soja kuwa ta kāsa tsare su.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Burhan da Hamidti ran 15 ga Afrilu 2023, su wa Amurka da Saudiyya suka kira Jidda? Wakilan janar biyun kaɗai. A Disamba Wad Madani ta fāɗi, manoman Jazira suka watse.

Wannan irin sulhu makaranta ce, karatunta ɗaya: ɗauki bindiga, a ba ka kujera. Taimakon kirki shi ne wanda zai sa soja ya koma bariki, kuɗinsa su bi ta hannun gwamnatin farar hula, wanda ya yi kisa ya tsaya gaban shari'a. Bari mu riƙa tambayar shugabanninmu wannan duk sa'ad da suka tafi sasanta wata ƙasa, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.