Araha ba ta ado: maganar telen da ake jibge mana a Rumbu

Barkanmu da kaka. Allah ya sa albarka a abin da munka samu, ya rufa asirin wanda gonarsa ba ta yi ba.

Yau maganar tele za mu yi, kuma mun san wasu ba za su ji daɗi ba. To sai haƙuri, don shiru ya ishe mu.

Kowa ya san yadda lokacin nan yake. An cire wake, an ɗaure gero, ɗan kuɗi ya shigo aljihu. Bukukuwan aure sun taso. Gasar kokowa ta takobi tana tafe, yara na damun uba da cewa bana a gida za su kalla, ba za su sake tsayuwa bayan taga a gidan maƙwabci ba. Sai magidanci ya kama rago ko ya auna buhun wake, ya nufi kasuwa neman sabuwar tele wadda kuɗinsa za su iya. Babu laifi a cikin wannan. Wanda ya sha rana wata huɗu yana duƙe a gona ya cancanci ya zauna a tsakar gidansa ya ga labarun Tele Sahel da idonsa. Laifin yana ga abin da ake miƙo masa idan ya isa shago.

Ga wani abu da ya faru a gabanmu bara. Wani dattijo maƙwabcinmu, ba za mu kama suna ba, ya sayar da akuya biyu ya tafi Maraɗi. Ya dawo da kwali ƙato a bayan kabu-kabu, an rubuta inci 43 a jiki, ga sunan wani babban kamfani yana ƙyalli. Unguwa duka ta zo barka. Kwana 19 tele ta yi, sai hoto ya ɗauke, murya kawai ke fita kamar rediyo. Ya biya kuɗin mota ya koma. Mai shago ya dube shi sama da ƙasa ya ce: "Baba, ina takardarka?" Babu. "To ai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wutarku ce ta ƙona ta." Da mai gyara ya kwance bayanta, sai ga alamun an taɓa buɗe ta, ga tsohon dalma a kan farantin ciki. Da anka sa ma'auni, inci 43 ɗin nan ko 40 bai cika ba. Sunan kamfanin kuwa, da farce anka ɓamɓare shi. Yanzu tana rataye a ɗaki an lulluɓe ta da zane, akuyoyi kuma sun tafi.

In da shi kaɗai ne da sai mu ce tsautsayi. Amma ku leƙa rumfar kowane mai gyara a Dakoro ku ga yadda anka jingine su kamar faifan tuwo. Kowace ɗaya a cikinsu guminsa ne na wani bawan Allah.

Abin da muke cewa a taƙaice: telen da ta yi araha a shagon birni tana iya zama mafi tsada da zarar ta iso Rumbu. Mutumin Maraɗi in tasa ta lalace, da ƙafa zai taka ya je ya yi rigima. Mu kuwa tsakanin Dakoro da Maraɗi kaɗai ya fi kilomita 100, ban da hanyar da za ka bi kafin ka iso Dakoro. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kaya, abincin hanya, yinin aiki da ka rasa. Wasu ƴan kasuwa sun san da haka sarai. Shi ya sa in sun ji harshenka, sun ga rawaninka da ƙurar ƙafarka, sai a shiga can ciki a ɗauko maka wadda ɗan birni ya ƙi. Sun san ba ka dawowa.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce: "Ku ne ba ku son kashe kuɗi. Orijinal na nan, ku ne ba ku iya saye." Wannan ba amsa ba ce. Ba mu ce a ba mu kayan jika 300 a kan jika 60 ba. Mun ce a faɗa mana gaskiyar abin da ke cikin kwali. In ta hannu ce, a ce okaziyo ce, mu yi ciniki a kan haka. In ƙirar Sin ce, a bar mata sunanta. Ai Hisense da TCL duk kamfanonin ƙasar Sin ne, da sunansu suke sayar da kayansu a duniya, ba su ɓoye ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki tsohon gilashi a sa masa sabuwar riga, a manna sunan wani, a rantse mana da Allah. Malamanmu kullum suna faɗa a wa'azi cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Algus a mudun gero haram ne, to a kwalin tele ma haka yake.

Za a kuma ce kaya sun yi tsada, hanya ta yi nisa. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano sun koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya ƙaru. Masu sarowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa su ma suna fama da hawa da saukar naira da kuɗin hanya. Duk mun ji. Amma tsadar hanya dalili ce ta ƙara farashi, ba ta zama lasisin ƙarya ba. Akwai ƴan kasuwa masu tsoron Allah a Maraɗi da Dakoro da ke gaya maka gaskiya ko da za ka fasa saye. Su ma ƴan algus ɗin suna ɓata musu suna.

To yanzu mu juyo kanmu, don in munka tsaya kan ƴan kasuwa kaɗai mun yi son kai. Mu ma muna da namu. Da ido muke sayen tele. Wane ya sayi inci 32, to ni sai 43. An kai ɗiyar wance da tele mai cika bango, to tawa ma sai haka, ko da bashi. Uwar amarya ta sayar da tunkiyar da take tattali shekara uku don kada a yi da ita ranar jere. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abu na farko: da wace wuta za ta yi aiki?

Yawancin gidajenmu da pano da batir muke. Mu yi lissafi tare, ba shi da wuya. Batir mai volt 12 da ampa 100 yana ɗaukar wat 1200 na awa guda in ya cika. Amma irin batir ɗin da muke saye, in kana son ya daɗe, rabinsa kawai ake ci, wato 600. Tele mai inci 43 da dekodarta da abin da konbatisar ke sha a banza wajen juya wuta zuwa volt 220, duka suna iya kai wa kusan wat 100. Awa 6 ke nan, in ba ka kunna ƙwai ko ɗaya ba, ba fanka, ba cajin waya. Kuma wa ya ce batir na cika kullum? Lokacin hunturu, in hazo ya rufe rana ƙura ta kwanta kan pano, da ƙyar ya samu rabi. Ita kuwa ƙaramar tele mai inci 24 da ke shan volt 12 kai tsaye, ba ruwanta da konbatisar, ita da dekoda ba su cika wuce wat 40 ba. Kallo ɗaya, labaru ɗaya, kokowa ɗaya, amma batir ya huta. Da yawa daga cikinmu sun sayi babbar tele, bayan wata shida sun sayi sabon batir, sannan ƙarin pano. In ka haɗa, kuɗin saniya ne.

Abin takaici, ƙasar nan ta riga kowa sanin wannan darasi. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin a makarantu, kuma a 1968 anka gwada kunna talabijin ɗin makaranta da hasken rana a kusa da Yamai, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ma san pano ba. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya ƙare rayuwarsa. A zamanin Janar Seyni Kunce an rarraba talabijin na kallon jama'a masu aiki da rana a garuruwa, dattawanmu suna tunawa. Mutanen wancan lokaci wuta suke fara aunawa, sannan su zaɓi akwatin da zai dace da ita. Mu jikokinsu mun juya abin, sai mun ɗora kaya muke tambayar ko jaki na da ƙarfi.

Sai kuma kalmar nan da ake ruɗa mu da ita, wai "smart". A ce maka akwai YouTube a ciki, ka ƙara jika 15. Wa zai ba ta intanet? Awa guda na bidiyo mai kyan hoto yana iya cinye kusan giga ɗaya. A wurin da sai ka hau tudu kafin saƙon murya ya tafi, wane YouTube za ka kalla? Haka ma 4K da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Tashoshin da muke kamawa da parabol, daga Tele Sahel da Tal TV har Arewa24 da tashoshin wa'azi, babu mai turo hoto irin wannan. Ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa gani ba.

To mene ne abin yi? Ga abin da munka tattara daga masu gyara da waɗanda sunka sha wuya kafinmu.

Kafin ka bar gida, ka san ƙarfin panonka da batir ɗinka. A bayan kowace tele akwai takarda da anka rubuta wat nawa take ci, ka duba ko ka sa a duba maka. In babu takardar ma, ka aje ta.

Ka tafi da ma'aunin tela a aljihu. Ana auna gilashi ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ban da baƙin gefe. Inci 24 santimita 61 ne, inci 32 santimita 81, inci 43 kuwa 109. In bai kai ba, ka ga ƙarya ta farko, kada ka jira ta biyu.

Kada ka karɓi kwali a rufe. Wadda anka kunna maka a kan tebur daban, wadda za a ɗaura maka daban, wannan tsohuwar dabara ce. A buɗe taka a gabanka, a kunna ta ta yi kamar rabin awa. Ka sa a nuna maka hoto fari fat da baƙi ƙirin, nan tabo da layi da wurin da haske ya raunana ke fitowa. Ka duba kusoshin baya ko sukundireba ta taɓa cin su. Lambar da ke jikin kwali ta zama ita ce a bayan tele.

Ka nemi faktir mai hatimin shago, da kwanan wata, da lambar tele, da tsawon garanti a rubuce. Garantin baki iska ce. Wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da ya sayar maka.

In da hali, kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku ko huɗu masu niyyar saye su haɗa tafiya, su ɗauki yaro mai gyara ɗaya su biya masa mota. Kuɗin motarsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da zai tsare muku ba, kuma mai shago in ya ga tele huɗu za a ɗauka, bakinsa na yin laushi.

Wanda tasa ta riga ta mutu kuma, kada ya yi saurin jefarwa. In murya na fita hoto babu, ka haska tocila a kan gilashin cikin duhu. In ka hango hoto dishi-dishi, fitilun baya ne sunka ƙone, ana canza su. Zafi da ƙura ne manyan abokan gabansu, don haka a bar tazara tsakanin tele da bango, a rufe ta in ba a kallo, a cire waya da igiyar parabol in hadari ya taso.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa su tsawata wa nasu, su sa bada faktir ya zama al'ada. Muna kira ga gidajen rediyon yankinmu su gayyato masu gyara su yi wa jama'a bayani da Hausa da Fulatanci da Tamashek, don makiyayi ma yana saye, kuma shi anka fi cuta. Iyaye mata kuma, don Allah a sassauta wa juna kan kayan ɗaki. Aure ba ya zama don faɗin gilashi.

Wanda irin haka ta taɓa samunsa ya ba mu labari, ba sai ya kama sunan kowa ba, don na baya su ɗauki darasi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko ya ɗauka da murya ya tura wa dangi kafin ranar kasuwa. Allah ya tsare mana guminmu, ya ba masu gaskiya kasuwa. Mu kwana lafiya.