Ciyawar Gidan Alhaji Da Ruwan 'Yan Garuwa



Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na hikaya ya san gidan da nake nufi. Gidan Alhaji ne, uban yarinyar, ko kuwa na saurayin nan da ya dawo daga karatu a Ingila. Maigadi zai wangale ƙofa, mota ta sulala ciki, kafin a kai ga falo sai marubuci ya tsaya ya nuna mana harabar gidan: ciyawa kore shar a shimfiɗe kamar darduma, furanni kala-kala, ga wani dattijo riƙe da tiyo yana ba su ruwa. Ba a taɓa gaya mana ko wane wata ake ciki ba. Ko da labarin ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, ciyawar gidan Alhaji kore take. Na karanta irin wannan shafi ya fi a ƙirga tun ina sakandare, kuma ban san ya shige ni ba sai da Allah ya hore mini na gina ɗan gidana a garinmu Faru, ta ƙasar Maradun.

A shekarar 2020 ne. Bayan an gama gini sai wani fili ya rage tsakanin zaure da ɗakuna, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6. Uwargida ta ce a yi masa daɓe ko a zuba siminti, ni kuwa na ce atafau ciyawa za a dasa. Na sayo ta a wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Kaduna, irin mai faɗin ganyen nan, na cika buhu huɗu na ɗauko ta a bayan mota. Muka dasa a watan Yuli. Kafin Satumba ta haɗe, ta yi kyan da har maƙwabta ke leƙowa kallo, ni kuma ina ta washe baki kamar ni na saukar da ruwan saman.

Hunturu na shigowa sai labari ya sha bamban. A Nuwamba ta fara yin rawaya, a Janairu ta koma ruwan ƙasa, kafin Maris ta zama tamkar tsohuwar tabarmar kaba da aka manta a rana. A nan ne na shiga aikin da ban iya ba, kuma babu kuskuren da ɗan koyo ke yi wanda ban yi ba. Kullum da rana tsaka sai in yayyafa mata ruwa sama-sama, wanda ko ɗan yatsa bai ratsa ƙasa ba rana ta shanye shi. Wani ya ce yunwa take ji, na watsa mata takin yuriya a busasshiyar ƙasa cikin zafin Maris, ya ƙone ɗan abin da ya rage. Wani ya ce takin gida ya fi, na sa aka kwaso mini ɗanyen kashin awaki daga turke, ashe da irin ciyayin daji cike a cikinsa. Ruwan da nake zubawa bai tayar da ciyawata ba, amma ya tayar da tsidau da ƙarangiya da aya-aya. Filin da na yi domin yara su yi birgima ya zama wurin da ba mai ratsa shi ba takalmi.

To mai karatu, bari mu yi lissafin da littattafan ba su yi mana. Masana harkar ciyawar ado sukan ce tana buƙatar ruwa kamar milimita 25 a mako, wato lita 25 ga kowace murabba'in mita. Wannan ma a ƙasashen da rana ke da sauƙi ke nan, ba a Zamfara cikin Afrilu ba. Filina murabba'in mita 60 ne. Ka ga lita 1,500 ke nan duk mako, jarka 60 mai cin lita 25, kurar ɗan garuwa mai jarka 12 har sau 5. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Idan aka ɗauki mafi ƙaranci, ciyawata tana shan rabon mutum 4 a kullum. Kuɗin da na kashe kuwa ba zan faɗa ba, domin uwargida tana karanta abin da nake rubutawa.

Ita ce ma ta fara tsikarata. Wata safiya ɗan garuwa na juye jarkoki a kan ƙasa, yaran maƙwabta kuma na wucewa da bokitai za su bin layin famfo, sai ta ce, "Malam, wai ita ciyawar nan tuwo za a tuƙa da ita?" Na yi kamar ban ji ba.

Wanda ya warware mini matsalar kawuna ne, tsohon manomin rani da ya yi shekaru yana noman shinkafa da albasa a filayen Bakolori. Ya shigo ya same ni a tsugune ina tuge wata siririyar ciyawa mai yaɗo da ta kutso daga gindin katanga. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, mi kaka yi ma hakin ga?" Mu a nan haki muke ce wa ciyawa. Na ce shara nake yi, Kawu, ita ce ke ɓata mini tawa. Bai ce komai ba, ya sunkuya ya kama wadda na sayo daga Kaduna ya ja, ta taho a hannunsa kamar gashin da aka aske, saiwar ta bushe ta yi baƙi. Ya kama wadda nake tugewa ya ja, ta ƙi tahowa, da ya tona da ɗan yatsa sai ga jijiya fara sol a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "Wanga da kas sawo ya mace. Shi ko wanga kwana shi kai. Bari ruwa shi sauka ka gani."

Ciyawar da nake kora ɗin nan kiri-kiri ce, wadda kowane manomin fadama ya sani kuma yake tsine mata a gona. Daga baya na gane cewa ita ce Amurkawa ke kira ciyawar Bamuda, suna shimfiɗa ta a filayen ƙwallo da na wasan golf a jihohinsu masu zafi, alhali ba a can asalinta yake ba, daga wannan ɓangare namu na duniya aka kai ta. Tana yaɗo ta sama, tana kuma tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, idan rani ya yi sai ta janye ranta zuwa cikin jijiya, ganyen ya bushe, ta yi ta jira. Ashe ni na bar ta gida na tafi Kaduna sayen baƙuwa.

Ga wanda ke cikin halin da na shiga, abin da zan fara ce masa shi ne ya yi gwajin Kawu kafin ya kashe ko kwabo. Ja ka gani. In kana shakka, keɓe wuri kamar faɗin faifai ka riƙa jiƙa shi sosai na mako biyu, in akwai rai zai nuna. Sauran aikin kuwa na damina ne. Ni a Mayun 2022 na sa fartanya na kafce filin gaba ɗaya domin ƙasar ta daskare kamar daɓe saboda takawa, na zuba takin gida wanda ya shekara a juji ya ruɓe, na jira. Da ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, muka je bakin fadama muka yanko yaɗon kiri-kiri, muka gutsuttsura shi kamar tsawon tafin hannu, muka binne a jere da tazarar taki ɗaya na yaro, kowane da ɗan kansa a waje. Ban sayi jarka ko ɗaya ba. Cikin mako 7 ƙasa ta rufe.

Ciyayin da ba a so su ne suka fi cin lokaci, kuma kowace da halinta. Tsidau da ƙarangiya ta iri suke yaɗuwa, saboda haka dabarar ita ce a cire su tun suna ƙanana kafin su yi ƙaya, in ka bari suka zuba 'ya'ya to ka ɗauko wa kanka aikin wasu shekaru. Aya-aya ita ce shu'uma. Tana da 'ya'ya a ƙasa a jere kamar carbi, in ka fizge ganyen ka bar su, ko ka tsinka igiyar da ke haɗa su, sai kowane ya tsiro da kansa. Sai an bi ta da haƙuri bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, a tono har 'ya'yan. Maganin feshi mai kashe kowace ciyawa da ake sayarwa a kasuwa bai san naka da na daji ba, kuma ni dai ban yarda in fesa shi inda yara ke rarrafe kaji na kiwo ba. Da kiri-kiri ta yi kauri ita da kanta ta hana yawancinsu wurin tsira. Wajen yanka kuma kada a aske ta ƙwal, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, ni da lauje da almakashin lambu nake yi. Aibinta biyu ne da ya kamata in faɗa: ba ta son inuwa, ƙarƙashin dogon yaron da ke kusurwar gidana har yau ƙasa ce tsirara, sannan in ba ka yi mata iyaka da bulo ba za ta shige maka cikin lambu.

Yanzu ga ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so shi ba. Ciyawar gida a ƙasarmu ta bi damina, ta yi kore daga Yuli zuwa Oktoba, ta bushe tare da dawa da gero, kuma mai gidan kada ya ji kunyar hakan. Wannan ado na shimfiɗaɗɗiyar ciyawa daga gidajen masu sarautar Ingila da Faransa ya fito, ya yaɗu ga sauran jama'a bayan wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, Turawan mulki kuma suka kawo mana shi unguwanninsu. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Landan a shekara, wajen milimita 600, bai kai na Gusau ba. Bambancin shi ne nasu yana zuwa kaɗan-kaɗan a kowane wata ƙarƙashin rana mai sanyi, namu kuwa ya zubo cikin wata huɗu ya ɗauke, sauran watannin sai iska da ƙura da zafi. Su kansu masu abin sun fara ja da baya inda ruwa ya yi wuya: a 2021 jihar Nebada ta Amurka ta yi dokar da ta hana shayar da ciyawar da ba ta da amfani sai ado a yankin birnin Las Begas da ruwan kogin Kolorado, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026.

Wani zai ce ai rijiyar burtsatse tasa ce, da kuɗinsa ya haƙa. Gaskiya ne, amma ruwan da ke ƙasa ba shi da katanga, kuma duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san yadda guga ke ƙara nisa a rijiyoyi daga Maris zuwa Mayu. Mu da muke zaune kusa da madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, aka kuma zubar da jinin manoma a 1980 a kan rikicin gonakin da aikinta ya ci, bai kamata a ce sai an koya mana darajar ruwa da ƙasa ba.

Dattawa kuma ta ɗaya gefen suke sukar abin. A wurinsu tsakar gida a share ta fes, ciyawa a gida maɓoyar maciji ce da kunama da sauro. Ban raina wannan magana ba, don ba a banza kakanninmu suka zaɓi daɓe ba, kuma ciyawar da aka bari ta kai gwiwa ta cancanci duk zagin da aka yi mata. Sai dai wadda ake yankewa a kai a kai ba ta ɓoye komai, tana kama ƙasa kada ruwan Agusta ya zaizaye ta, ko a bushe take tana rage ƙurar hunturu, ba ta kuma mayar da zafi cikin ɗaki da dare yadda siminti ke yi. Akwai ma wani amfani da ban yi tsammani ba. Tun da matsalar 'yan bindiga ta sa shiga daji yankan ciyawa ya zama kasada a yankinmu, abincin dabba ya yi tsada, duk abin da na yanka a filin nan ba ya kwana, tumakin uwargida ne ke cinye shi. Tun daga lokacin ta daina zancen siminti.

Marubutanmu nake roƙo, tunda su suka jefa ni. Ba na cewa a hana Alhaji ciyawarsa, amma a gaya mana watan da ake ciki da inda ruwan ke fitowa, ko sau ɗaya a bar wannan dattijo mai riƙe da tiyo ya buɗe baki, mu ji ko akwai ruwa a unguwar da yake kwana. Kuma a riƙa nuna mana gidan mai rufin asiri da inuwar ɗurumi ko ceɗiya da tsakar gida a share, domin yaran da ke karatu yau su ne masu gini gobe.

A rani yanzu ba na ba filin komai sai ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka, a wani ɗan gefe kusa da ƙofar ɗaki, shi kaɗai ke zama kore. Saura kuwa ruwan ƙasa yake, baƙo ya shigo ya tambaya ko ciyawar ta mutu, in ce masa ya sunkuya ya ja. Kawu ya zo kwanaki, ya taka ta da ƙafa, ya ce ta yi yawa a gefen katanga, in ba shi buhu ɗaya na yaɗon idan ruwa ya sauka zai dasa a bakin kududdufin bayan gidansa inda ƙasa ke zaizayewa.