Ladabin Harbi da Tsaron Rayuka a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Daga lokaci zuwa lokaci rundunar soja ko ta 'yan sanda a Kano kan fitar da sanarwa cewa za ta gudanar da atisayen harbi a filin Hawan Kalibawa da ke yankin Dawakin Tofa, arewa da birni. Irin wannan sanarwa kan ƙunshi abu uku: ranakun da za a yi harbin, roƙon kada jama'a su firgita da ƙarar bindiga, da gargaɗin a nisanci wurin. Abu na uku shi ne mai sauƙin faɗa, mai wuyar aikatawa. Ana iya cewa mazaunin birni ya nisanci wani fili na kwana uku bai rasa komai ba. Manomin da gonarsa ke bayan filin kuwa, an ce masa ne ya bar abincin iyalinsa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ladabin harbi ba ya ƙarewa a layin da soja ke kwanciya yana saiti. Yana miƙewa har inda harsashi zai iya faɗawa. A ƙasa mai cunkoson gonaki irin ta arewacin Kano, wannan na nufin manomi da makiyayi da yarinya mai ɗiban itace suna cikin lissafin filin harbi, kuma ba za a iya tsare su ba sai an yi magana da su da harshensu, an kuma duba kalandar aikinsu.

Ladabin da ke Cikin Fili

Ya kamata a fara da yi wa aikin soja adalci. Babu inda ake tsananta ƙa'ida kamar filin harbi. Tun daga makarantar horar da kuratan soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, abin da ake fara cusa wa kurtu shi ne ya ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗanannniya, ko da shi ya zare harsashinta da hannunsa. Bakin bindiga ba ya fuskantar ko'ina sai wajen abin bara. Yatsa ba ya hawa kunama sai an ba da umarni. Hafsa guda ne ke da iko da fili, ba a ɗanawa ko a harba sai da muryarsa, amma kowa na da ikon tsayar da harbi idan ya hangi haɗari. Bayan an gama, a duba cikin kowace bindiga, a ƙirga harsasan da suka rage, a tattara kwanso. Ana kafa jan tuta, a ajiye masu gadi a hanyoyin shiga, ma'aikacin lafiya kuma yana gefe.

Waɗannan ƙa'idoji ba don ado aka yi su ba, kowace an saye ta da jinin wani. Amma idan aka dube su da kyau za a ga yawancinsu suna kare wanda ke cikin fili ne. Wanda ke waje, abu biyu kawai ke tsakaninsa da harsashi: tudun ƙasar da ake tarawa a bayan abin bara, da faɗin sararin da aka bari a bayan tudun.

Nisan da Harsashi ke Ci

Bindigar AK-47, wadda ta zama ruwan dare a hannun jami'an tsaron Nijeriya, tana fitar da harsashi da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa guda, wato kusan ninki biyu na gudun sauti. Nisan da ake iya saita ta a samu abin bara bai wuce mita 300 zuwa 400 ba, amma idan bakinta ya ɗaga, harsashin kan yi tafiyar da ta haura kilomita 2 kafin ya faɗi. Na bindigogi irin su FN da G3 kan kai wajen kilomita 4. Ɗagowa kaɗan a hannun sabon kurtu ta isa ta sa harsashi ya tsallake tudun. Haka nan wanda ya daki marmara ko busasshiyar ƙasar rani yana iya zillewa ya sauya hanya. Shi kansa tudun ƙasa ne, ruwan kowace damina yana zaizaye shi kamar yadda yake cin ganuwar birni, idan ba a riƙa yi masa ciko ba.

Saboda haka ne a ƙa'idar gina filin harbi ake zana wani yanki mai tsawo a bayan abin bara, a ce nan ne yankin haɗari, kuma dole ya kasance babu kowa a ciki muddin ana harbi. Ƙa'idar ta ginu ne a kan zaton cewa akwai daji. A nan ne ta ci karo da ƙasar Kano.

Ƙasar da ba ta da Daji

A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincikensu a kan ƙasa da mutanen karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda yawan jama'a ya haura kimanin mutum 140 a kowace murabba'in kilomita. Abin da ya bambanta yankin shi ne ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni, gidaje kuma a warwatse suke cikin gonaki. Wannan hoton shekara 60 da suka wuce ke nan. A ƙidayar 2006 mutanen Jihar Kano sun kai miliyan 9.4, kuma gonar gado sai ƙara tsagewa take yi tsakanin magada.

A ɗauki misalin yankin haɗari mai tsawon kilomita 3 da faɗin kilomita 1. Ko da ma'aunin 1965 aka yi amfani, ƙasa mai wannan girma tana ɗauke da rayuwar mutum sama da 400. Sannan babu watan da gonar take zama fayau. Da bazara ana shara da kai taki. Da saukar ruwa sai shuka, sai firi, sai maimai, kuma kowane yana da 'yan kwanakin da idan suka wuce an yi asara. Da kaka ana girbin gero da dawa, ana cirar gyaɗa, mata da yara na roron wake. Bayan nan a shiga tattara kara da harawa, makiyaya su sako dabbobi cikin gonaki. Ko da tsakiyar rani akwai mai kaɗar ɗorawa, akwai mai sassabo ganyen gawo saboda awaki. Daga watan Agusta kuwa dawa kan fi tsayin mutum, ta yadda mai gadi ba zai iya rantsuwa cewa babu kowa a cikinta ba.

Hujjoji Biyu da Amsarsu

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, soja ba ya yiwuwa sai da atisaye, musamman yanzu da 'yan bindiga ke matsowa ƙananan hukumomin da ke iyaka da Katsina, irin su Tsanyawa da Shanono. Wannan gaskiya ce, kuma sojan da bai ƙware da bindigarsa ba haɗari ne ga wanda ya zo karewa. Babu mai hankalin da zai nemi a daina harbi. Amma hujjar tana ƙarfafa buƙatar tsaro ne. Yaƙi da ɓarayin daji ya dogara ga bayanan da mutanen ƙauye ke bayarwa, kuma ƙauyen da ke kallon kaki a matsayin abin da ke hana shi zuwa gona ba zai yi saurin buɗe baki ba.

Hujja ta biyu ita ce, jama'a ne suka matso filayen soja, ba filayen suka same su ba. A wasu wurare akwai gaskiya a ciki. Barikin Janguza da ke hanyar Gwarzo a dā bayan gari ne, yau kuwa unguwanni sun wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero suna tunkarar sa. Sai dai a karkara gonaki sun girmi bariki da ɗaruruwan shekaru. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, tare da biyan diyyar amfanin gona da gine-gine. Idan an karɓi wurin tsayawa da wurin kafa abin bara kawai, aka bar yankin haɗari a hannun masu shi, to hukuma tana amfani ne da ƙasar da ba ta biya ba. Ko ma wa ya riga wani zuwa, fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, inda mutum sama da 1,000 suka rasu, ta nuna abin da ke faruwa idan gari ya kewaye kayan yaƙi aka ci gaba da aiki da tsohuwar taswira.

Matsalar Harshe

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Hausa ba baƙuwa ba ce a bariki. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 da Hausa take ba da umarni, kuma hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Daga wannan cuɗanya aka sami kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti, kamar yadda tun kafin nan aka aro bindiga, harsashi da albarushi daga Larabci. Harshen da ya iya ɗaukar umarnin fareti ba zai kasa ɗaukar gargaɗin filin harbi ba. Abin da ya rage shi ne a zauna a daidaita kalmomin: me za a kira yankin haɗari, me jan tuta ke nufi, me yaro zai yi idan ya tsinci harsashin da bai tashi ba. Cewa a nisanci yankin ba bayani ba ne. Manomi yana auna wuri da kuka da tsamiya da burtali da gonar wane. Sanarwar da za ta amfane shi ita ce wadda ta ce daga rijiya kaza zuwa burtali kaza kada a shiga, daga hantsi zuwa la'asar, ranar kaza.

Akwai kuma kalmar da ya kamata a yi hattara da ita, wato tsautsayi. Bahaushe na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma kalmar tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma idan ta fito daga bakin mai alhaki, tana rufe ƙofar tambaya. Hausa ta bambanta tsautsayi da kuskure da sakaci da ganganci, kowanne da nauyinsa. Tudun da aka bari ya zaizaye sakaci ne. Harbi ba tare da an tabbatar gona ta zama fayau ba ganganci ne. Shari'ar Musulunci, wadda mutanen yankin suka tashi a cikinta, ta ɗora diyya ko a kisan kuskure, domin rashin niyya ba ya kawar da haƙƙi. 'Yan jarida da masu fassara labarai suna da nauyin zaɓar kalmar da ta dace.

Abin da ya Kamata a Yi

Na farko, a auna yankin haɗarin kowane fili bisa bindigogin da ake harbawa a yau, a kafa masa turaku masu launi da kowa zai gani, a kuma biya masu gonakin da ke ciki ko a yi yarjejeniya da su a rubuce. Na biyu, a tsara jadawalin harbi tare da hakimi da dagatai tun farkon shekara, a kauce wa makonnin shuka da firi da girbi, da ranakun cin manyan kasuwanni irin ta Ɗambatta, lokacin da hanyoyin ƙauye ke cika. Na uku, sanarwa ta bi hanyar da labari ke bi a karkara: mai unguwa, mai shela, masallacin Juma'a, makarantun allo da na boko, da gidajen rediyo irin su Rediyon Kano da Freedom, ba jarida da Facebook kaɗai ba. A kuma aika wa arɗo, da Fulfulde, domin makiyayi mai wucewa ba ya cikin lissafin dagaci. Na huɗu, a ɗauki 'yan ƙauyen aikin kewaya yankin kafin a fara harbi. A Dartmoor ta Ingila, inda filayen harbin soja ke cikin makiyaya, ana wallafa ranakun harbi tun da wuri, ana ɗaga jan tuta da rana a kunna jar fitila da dare, kuma manoman wurin ne ake biya su kore dabbobi. Na biyar, duk filin da lissafi ya nuna ba shi da isasshen sarari, a taƙaita shi ga gajeren zango mai katanga, a mayar da manyan makamai wuri mai faɗi irin dajin Falgore da ke kudancin jihar.

Kammalawa

Soja ya san aikinsa a cikin fili, manomi ya san ƙasar da ke bayansa, amma babu mai haɗa sanin biyu. Sassan nazarin Hausa da cibiyar binciken harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta samar da ƙamusun Hausa a 2006, suna da ƙwarewar da za ta cike wannan giɓi: tattara sunayen wuraren da ke kewaye da filayen, daidaita kalmomin gargaɗi, da gwada ko sanarwa ta isa kunnen da aka nufa. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sharaɗin shi ne a yi magana da harshen da kunnen ya sani, a lokacin da ƙafa za ta iya kaucewa. Rundunar da ke ƙirga kwanson harsashinta bayan kowane atisaye, wajibi ne ta ƙirga mutanen da ke bayan tudunta kafin ta fara.