Ciwon taurin fata: Me ya kawo hoton zuciya?



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo shagon maganin da nake aiki a nan Gudu, riƙe da takardar asibiti. Likita ya rubuta mata hoton zuciya, alhali abin da ya kai ta shi ne fatar hannunta da ta yi tauri, har yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ta ce mini, "'Yar'uwa, don Allah duba mini. Ciwon fata na kai, me ya kawo zuciya? Ko dai kuɗina ake so?" Na ce ta je ta yi, ga kuma dalili.

Likitoci na kiran cutar sikilirodama, mu dai mu ce ciwon taurin fata. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, ƙananan hanyoyin jini su tsuke, jiki ya riƙa yin tabo inda babu rauni. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma sammu ba ne. Ta fi kama mata, musamman 'yan shekara 30 zuwa 50. Sau da yawa alamar farko ita ce yatsu su koɗe su yi zugi da hunturu, ko wajen wanki da ruwan sanyi.

To wannan tabon da kike gani a fata, irinsa na iya fitowa a naman zuciya, kuma a ɓoye yake aikinsa. Zuciya sai ta yi tauri ta kasa cika da jini yadda ya kamata, ko bugunta ya rikice, ko ruwa ya taru a jakar da ke kewaye da ita. Sannan kusan mutum ɗaya cikin 10 na masu cutar na samun hawan jini a jijiyoyin huhu. Ki lura da wannan: awon jinin da muke yi miki a dantse ba ya nuna shi. Sai mu ce jininki lafiya lau, alhali gefen dama na zuciya na ta wahala. Kafin haki da kumburin ƙafa su bayyana, an riga an yi nisa.

Shi ya sa ake so mai wannan cuta ta yi hoton eko duk shekara, ko da tana jin garau. Irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu ne, sai dai a ƙirji ake ɗora na'urar, babu allura, babu ciwo. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Akan haɗa da ECG don duba bugun zuciya, wani lokaci a maƙala miki ƙaramar na'ura ta awa 24. Idan likita bai gamsu ba sai ya nemi MRI, wanda ke nuna tabon kansa a cikin naman zuciya. Yana da tsada, ba ko'ina ake yi ba, kuma ana duba ƙoda kafin allurar da ake yi domin hoton ya fito sosai.

Bari na dawo ɓangarena na magani. Mutanenmu na sayen prednisolone a kemis kamar alewa da zarar gaɓoɓi sun yi ciwo. Ga mai taurin fata, shan fiye da miligiram 15 a rana na iya tayar da mummunan ciwon ƙoda tare da hawan jini farat ɗaya. Maganin mura mai pseudoephedrine kuma na ƙara tsuke jijiyoyin yatsu. Idan an ɗora ki a kan bosentan ko mycophenolate, ki sani suna cutar da ɗan tayi, don haka ki zauna da likitanki, tare da maigida, kan maganar tazarar haihuwa tun kafin ki fara sha.

Ki adana sakamakon kowane eko a jaka ɗaya, domin likita na kwatanta na bana da na bara. In kuwa kin fara haki wajen hawa bene, ko faɗuwar gaba ba dalili, ko jiri da suma, kada ki jira shekara ta zagayo, ki koma asibiti a makon nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.