Tabkin Madarunfa: rairayi na cin ruwa

Mutumin Dakoro ba ya buƙatar a faɗa masa darajar ruwa. Tabkunan da damina ke cikawa a Kwarin Tarka yawancinsu kan ƙafe tun kafin bazara, su bar makiyayi da wasaki a bakin rijiya mai zurfi. Don haka ya cancanta ya san halin da babban tabkin jihar Maraɗi yake ciki, wato na Madarunfa, wanda ke kilomita 20 da ɗoriya kudu da birnin Maraɗi.

Tabkin yana kwance ne cikin kwari, inda yake samun ruwa daga Gulbin Gabi da kuma ambaliyar Gulbin Maraɗi. Dukansu biyu daga Nijeriya suke fitowa, kuma da damina kaɗai suke gudu. Idan shekara ta yi kyau, ruwan kan rufe kusan hekta 800; da rani sai ya tsuke, manoma su bi danshin da ya bari da shuka. Zurfinsa bai wuce mita 5 ba, shi ya sa zafin rana ke shanye kaso mai yawa.

A kewayensa akwai kuka, gawo, ƙirya da bagaruwa, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe gaɓa. Cikin ruwa masunta na kama karfasa da tarwaɗa, ƴan kasuwa su kai Maraɗi ɗanye ko banda. Tsuntsaye masu ƙaura na yada zango a nan lokacin ɗari, yayin da masu ziyara ke zuwa saboda kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna zagaye da shi. Wannan arziki ne ya sa a watan Disamba na 2019 aka sanya tabkin cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971.

Sai dai takarda ba ta tsayar da rairayi. Duk itacen da aka sare a tudu, duk gonar da aka nome har bakin ruwa, ƙorama ce ke kwasar ƙasar ta zuba cikin tabki. Gindinsa na tasowa, ruwan da yake iya riƙewa na raguwa, kifi na rasa wurin haihuwa.

Matsala ta biyu tana ƙetaren iyaka. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi ya dogara da abin da aka sako daga can. Nijar da Nijeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990 don raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan. Haƙƙin hukumomi ne su riƙa tuna wa juna da ita.

Abin da ya rage na gida ne: ma'aikatan gandun daji su hana sara a gaɓa, a dasa itatuwa, a toshe kwazazzabai da duwatsu, masunta su bar taru mai ƙananan idanu. Kwarin Tarka ma gulbi ne a zamanin da. Yau sai an yi haƙa ake ganin ruwansa. Wanda ya san wannan kwari ba zai ɗauki maganar Madarunfa da wasa ba.