Sharhi: 'Yan Mazan Jiyan Amurka Da Ba A Gane Su A Asibiti

A ƙidayar da hukumomin Amurka suka gudanar a watan Janairun 2024, an samu 'yan mazan jiya 32,882 da ba su da matsuguni, wato ƙasa da rabin adadin shekarar 2010, lokacin da suka kai kimanin 74,000. Babu shakka an ci gaba, musamman ta hanyar shirin HUD-VASH, wanda ke haɗa tallafin kuɗin haya da kulawar jami'an Ma'aikatar Tsoffin Sojoji, VA. To amma gajiyar shirin ba ta isa ga wanda ba a san ya taɓa sa kaki ba.

Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba sa zuwa asibitocin VA. Sun fi zuwa ƙananan asibitocin marasa galihu, irin waɗanda dokar McKinney ta 1987 ta tanadar wa kuɗi. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce, "Kai ɗan mazan jiya ne?", wanda bai taɓa zuwa fagen daga ba yakan ce a'a. Haka ma mata da dama, da waɗanda aka sallama daga soja ba cikin girmamawa ba. Wani kuma takardarsa ta sallama, DD-214, ta daɗe da salwanta a kan titi.

Shi ya sa a 2013 Cibiyar Nazarin Aikin Jinya ta Amurka ta ƙaddamar da gangamin tambayar majiyyata ko sun taɓa yin aikin soja. Bambancin lafazin kaɗan ne, amma amsar tana sauya magani. Likitan da ya san majiyyacinsa ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi zai dubi tarinsa da idon basira, kuma dokar PACT ta 2022 ta faɗaɗa haƙƙin irin wannan mutum na samun jinya da diyya.

Ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowane asibitin marasa matsuguni ya mayar da wannan tambaya wajibi tun daga teburin rajista, a rubuta amsar, sa'annan a sami ma'aikacin da zai haɗa majiyyacin da VA kafin ya fita ƙofa. Wanda ba shi da adireshi ko waya, in ya tafi yau, da wuya a sake ganinsa.