Kifin Banda: Daga Bakin Kogi Zuwa Tukunyarki, Duk a Kan Bashi



Kifin bandar da muke jefawa a miyar kuka, kafin ya iso Dutse yakan ratsa hannu huɗu ko biyar, kuma da wuya a rubuta takarda ko ɗaya a hanya. Masunci ya kama shi a kogin Haɗeja, wajen Ringim ko Miga ko Auyo, ko can cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. A kyafe shi a bakin ruwa, a cika kwali, a kai kasuwar kifi ta Haɗeja. Daga nan ɗan sari ya ɗauko, mai tire ta karɓa, ta yi sallama a ƙofar gidanki.

Abin da ya ɗaure mutanen nan duka shi ne bashi. Ba kowane masunci ke da kuɗin koma ko kwale-kwale ba, sai wani mai hali cikin 'yan kasuwa ya saya masa, ko ya riƙa ba shi na cefane idan ruwa ya ja baya. Sharaɗin kuwa ko ba a furta ba an san shi: duk tarwaɗa da karfasar da ya kamo, ubangidan nan zai fara kai wa, sau da yawa a ƙasa da farashin kasuwa. Ɗan sari ma ɗauka yake yi, sai ya sayar ya biya. Ba mu kaɗai ke haka ba. A ƙasar Filifin suna kiran irin wannan daɗaɗɗen abokin ciniki "suki", kuma a babbar tashar kifi ta Navotas, kusa da Manila, raɗa wa dillali tayi ake yi a kunne don kada na gefe ya ji.

Ni dai ba na cikin masu kushe wannan al'ada. Wane banki ne zai ba masunci rance da tsakar dare matarsa na naƙuda? Amma tana da wurin da take ciwo. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, ruwan da ke malala fadamu duk shekara ya ragu, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Kifi ya yi ƙaranci, ya yi tsada. Shi kuma busasshen kifi ba ya son jira, da ya daɗe a ajiye ƙwari za su shige shi su mai da shi gari. To ki duba halin mutumin da bashi ke wuyansa, kwalayensa sun fara ƙwari, masu karɓa ba su kawo kuɗi ba. A nan ne wasu marasa tsoron Allah ke yayyafa fiya-fiya ko Sniper. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wannan guba ba ta abinci ba ce.

A aikinmu na jinya mun san alamunta, kuma yara ta fi saurin kayarwa saboda ƙanƙantar jikinsu: dalalar miyau, amai da gudawa, zufa, murɗar ciki, baƙin ido ya tsuke ya koma kamar kan allura, numfashi ya yi wuya. Idan kika ga haka bayan cin abinci, musamman in mutum biyu ko uku ne a gida ɗaya, kada ki tsaya ɗura manja ko madara, kada ki sa yatsa don ya yi amai. Asibiti kai tsaye, ki tafi da ragowar abincin.

Wajen saye, ki shinshina. Banda ƙamshin hayaƙi take yi, in kika ji wari irin na maganin sauro, ki ajiye. Tiren da ke buɗe a kasuwa amma ko ƙuda ɗaya bai kusance shi ba, abin tambaya ne. Wankewa da ruwan zafi na fitar da yashi da ƙura, amma kada ki dogara da shi a kan guba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ki riƙe mai kifi ɗaya, wadda ta san gidanki kika san nata. Wadda za ta dawo jibi ba za ta so a ce kifinta ya kwantar da ɗanki ba, kuma ita za ki iya tambaya, "Iya, wannan na yaushe ne, wa ya kawo miki?" ta gaya miki gaskiya, har ta ƙara miki gyara. Sai dai mu ma da namu: mu karɓi na dubu biyu mu ce sai an yi albashi, wata ya ƙare mu yi shiru. Kuɗin nan ɗan sari ke jira, bayansa dillali, bayansa masuncin da ke Miga.